Haddar Turanci a Gidan Kawu

Shekarar da na gama sakandare, Kawu ya zo Batsari a kan babur ya ce wa Baba in bi shi Safana, in zauna tare da 'yarsa mu yi shirin jarrabawar shiga manyan makarantu. Ina bayan ƙofa ina jin su. A lokacin muna zaune ne a wani ɗaki na aro a cikin gari, tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu da ke kusa da Wagini. Kawu ma'aikaci ne a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ya ce idan na ci zai tsaya mini in shiga makarantar koyon aikin jinya a Katsina. Bai kuma ɓoye ba, ya ce ya kusa ritaya, sau ɗaya zai iya ɗaukar wannan nauyi.

Baba ya ce to, a gwada. Idan ba a dace ba, da damina ta faɗi zai zo ya ɗauke ni, don ana maganar sulhu, yana so ya koma gona, Inna kuma ba za ta iya da yara da aikin ƙauye ita kaɗai ba. A ƙauyenmu babu makarantar da ta wuce firamare, ita ma iska ta kwashe rufinta tuntuni.

Turanci shi ne matsalata, kuma kowa sai ya rubuta shi, ko me yake son karantawa. Bayoloji da kemistiri malamanmu da Hausa suke bayani, sai su rubuta manyan kalmomin a allo, don haka idan na ga tambaya nakan gane kalma ɗaya ko biyu in laluba amsa. Malamin Turanci kuwa ba mu taɓa samun wanda ya zauna ba. A ajin farko na babbar sakandare an kawo mana wata mai bautar ƙasa, mai farin takalmi, wadda take wanke hannu bayan ta taɓa alli. Ba ta cika zango ba ta tafi, ba a sake turo kowa ba. A jarrabawar ƙarshe an rubuta mana amsoshi a allo mun kwafa, takardata ta fito da kiredit a Turanci. Baba ya sa an lulluɓe masa ita da leda a shago. Ita wannan jarrabawar ta shiga manyan makarantu a kwamfuta ake yin ta, babu allo, babu mai taimako.

Gidan Kawu yana bayan kasuwa. Akwai zaure, akwai bishiyar darbejiya a tsakar gida, akwai ɗakin Kaka, mahaifiyar Kawu da Inna, inda aka shimfiɗa mini tabarma. 'Yar Kawu sa'ata ce, taubashiyata, bakinta ba ya hutawa. Ranar da na iso ta dubi ledar kayana ta ce wa Kaka, ga baiwarta ta iso daga daji, a nuna mata inda turmi yake. Ban iya ramawa ba, sai murmushi. Ban taɓa iya ramawa ba.

Kawu ya kawo mana wani littafi mai kauri na tsofaffin tambayoyi, wanda ya karɓo a hannun abokin aikinsa. Bangon baya ya cire, gefen shafukan ya yi baƙi da hannun waɗanda suka riga mu. Abokin nasa ya tabbatar masa cewa masu jarrabawar ba sa ƙirƙiro sabon abu, tsofaffin suke juyawa su dawo da su. Duk wanda ya riƙe littafin nan a kansa, in ji shi, ya gama. A cikin littafin akwai dogayen labarai da ake karantawa a amsa tambayoyi a kansu, akwai jerin kalmomi da ake neman mai kama da su ko akasinsu, akwai jimloli masu gurbi da ake cikewa. Amsoshin suna can ƙarshe, baƙaƙe ne kawai, A ko B ko C ko D.

Mun yi kwanaki muna juya shi ba mu san ta inda za mu kama ba. Kaka ce ta raba gardama. Ita 'yar malam ce, ta tashi a gidan da ake karatun allo, har yanzu izu da yawa suna kanta, takan biya su tana tsinke zogale. Ta ce tunda abu ne da ake so ya zauna a ka, ai ba a rasa hanyarsa ba, ita ba ta ga abin kuka a nan ba. Ta tsara mana yadda aka tsara mata. Bayan sallar asuba ƙari, layi biyu ko uku, a yi ta maimaitawa da ƙarfi har harshe ya saba. Da hantsi tilawar na jiya. Bayan la'asar a biya tun daga farko, ɗaya tana riƙe da littafi, ɗaya ta juya baya. Ba a ƙari sai na baya ya zauna. Ta hana mu kunun tsamiya da duk wani abu mai tsami, ta ce yana kawo mantuwa. Taubashiyata ta ce a ba mu allo mu rubuta mu wanke mu sha, Kaka ta jefe ta da mafici ta ce rubutun Nasara ba zai hau allon gidan nan ba.

Haka muka kama. Babu wanda ya taɓa furta mana kalmomin, don haka yadda muka ga an rubuta haka muke karantawa, kamar Hausa, kowane baƙi da haƙƙinsa. Muna gama labari sai mu haɗa da tambayoyinsa da baƙin amsarsu, duk a murya ɗaya, har da ɗan jan sauti a ƙarshen layi irin na Islamiyya. Kalmomi kuma bibbiyu muke riƙe su, kalma da amsarta, kamar sunayen tagwaye. Muna daka muna yi, muna wanki muna yi. Ni nakan yi a zuci idan an aike ni kasuwa sayen manja, ina bin bakin kwata kaina a sunkuye.

Ni na fi ta riƙewa. Wannan ne abu na farko da na taɓa fin wani a rayuwata, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Ina iya tuna inda kowace kalma take a shafi, wadda take kusa da ɗigon mai, wadda ƙwaro ya ci rabinta. Kaka ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma saboda yawan ji kunnenta ya riƙe sautin. Idan taubashiyata ta tsallake layi, sai Kaka ta ɗaga kai daga zogalenta ta ce, koma, kin ci wani abu a nan. In an duba littafi sai a ga haka ne. Akwai wani labari da ta fi so, mai kalmomi dogaye masu gangarowa. Takan ce, ku biya mini mai daɗin nan. Idan ina biya shi sai ta lumshe ido tana gyaɗa kai.

Kawu yakan tsaya a bakin zaure da safe kafin ya tafi ofis, hularsa a hannu, yana saurare. Na taɓa jin yana gaya wa wani a waya cewa 'yar ƙanwarsa Turanci take zubawa kamar rediyo.

A gidan da ke jikin namu akwai wani malamin sakandare da aka turo daga wajen Funtuwa, yana haya a ɗaki ɗaya. Bai kawo iyalinsa ba saboda halin da hanya take ciki. Dogo ne siriri, kullum da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya ja. Ashe duk safiya yana jin mu ta katanga. Wata rana a masallaci ya tambayi Kawu wane yare ne yaran gidansa suke karantawa. Kawu ya ɗauka wasa ne. Da ya ji cewa Turanci mutumin yake koyarwa, sai ya jawo shi zaure bayan la'asar, ya aika a kira mu. Lokacin jarrabawa saura kamar wata guda.

Muka sa hijabi muka durƙusa daga bakin ƙofa muka gaishe shi. Kaka ta jawo kujerarta ta zauna daga ciki inda za ta ji. Kawu ya ce mu biya wa Malam. Taubashiyata ta fara, ta yi tuntuɓe sau biyu. Ni na ɗauko wani labari mai tsawo, idona a kan tabarma, na kai shi ƙarshe ban tsaya ba, har tambayoyi da amsoshi. Malam yana bin littafin da yatsa. Da na gama ya rufe shi a hankali, ya ce bai taɓa ganin kai irin wannan ba. Kawu ya gyara zama.

Sai Malam ya ce, da Hausa, “'Yata, shi mutumin da ke cikin labarin nan, me ya same shi a ƙarshe?”

Ina jin kaji suna tono a bayan zaure.

Taubashiyata ta ce, “Malam, ashe akwai mutum a ciki?”

Bai yi dariya ba. Ya sake buɗe littafin ya nuna mini wata kalma da na faɗa yanzun nan, ya ce mece ce ma'anarta. Na gaya masa amsarta, abokiyar tagwaicinta. Ya ce daidai, to ita kuma wannan ɗin me take nufi? Ban sani ba. Ya rufe sunan labarin da tafin hannunsa, ya karanta mini layi ɗaya daga tsakiya yadda ake furta shi na gaskiya, ya ce daga ina ne wannan. Ban gane shi ba sam. Layin da na maimaita har ba adadi, a bakinsa ya zama baƙo.

Daga ciki Kaka ta ce a tambayi Malam, mai daɗin nan da take so, me yake cewa. Na nuna masa shafin. Ya karanta, ya ɗan shafa gemu, ya ce, “Hajiya, bayani ne a kan yadda ake haƙa masai nesa da rijiya.”

Taubashiyata ta kife a kan tabarma tana dariya har da hawaye. Kaka ta ce a'uzu billahi, watanni tana gyaɗa wa masai kai. Har Kawu ya yi dariya, amma tasa ba ta daɗe ba. Ya tambayi Malam, to ai tambayoyin suna dawowa, ko ba haka ba? Malam ya ce kalma ɗaya ko biyu takan dawo, amma labaran sababbi ake kawowa, don abin da ake son gani shi ne ko yaro zai karanta abin da bai taɓa gani ba ya fahimta. Kawu ya ce yanzu mene ne abin yi. Malam ya ce zai riƙa zuwa bayan la'asar, ba ya son komai. Ya ƙara da cewa kada ya yaudare mu, aikin shekaru shida ne aka bari, shi kuma wata ɗaya ke hannunsa.

Tun daga ranar Kaka ba ta sake cewa a biya mata ba. Da asuba idan ta idar da salla sai ta ci gaba da jan carbinta, ta juya mana baya. Kunun tsamiya ya dawo gidan.

Malam ya hana mu taɓa littafin. Ya ce duk abin da na haddace ba zai iya koya mini da shi ba, don harshena yana riga hankalina gudu. Gaskiya ne. Da na ga kalmar farko sai sauran su zubo da kansu, ban ga komai ba. Sai ya riƙa kawo yagaggun jaridu, irin waɗanda ake naɗe ƙosai da su, wasu da tabon mai. Ya aro mana ƙamus daga makarantarsu. Zai sa mu karanta jimla ɗaya tak, sannan ya tambaya: wa ya yi? Me ya yi? Wa aka yi wa? Yaushe? Jimla ɗaya takan cinye mana rabin yamma. Idan muka duba kalma a ƙamus sai mu tarar an bayyana ta da wasu kalmomi uku da ba mu sani ba, mu bi su, su ma su kai mu wani wuri. Taubashiyata ta ce wannan ƙamus ɗin ɗan Batsari ne, ka tambaye shi hanya ya nuna maka daji.

Sau ɗaya abin ya buɗe mini. Wata jimla ce a kan wata mata da ta ɗauko ruwa daga rafi, tulun ya faɗi ya fashe kafin ta iso gida. Na bi ta kalma bayan kalma, sai kawai na ga matar. Na ga zanenta ya jiƙe, na ga ta tsaya tana kallon ƙasa tana shanye ruwan. Ban fassara ba, gani na yi. Na ɗaga kai na dubi Malam, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, to, wannan shi ne karatu. Na koma ɗaki ina murna, sannan na ɗauko littafin na dubi yawan jimlolin da ke cikin labari ɗaya kawai, murnar ta kwanta.

Ba mu cika watan ba. Aka tare hanya wajen ƙauyen Babban Duhu, gari ya ɗauki zafi, aka rufe makarantu na ɗan lokaci. Malam ya zo da safe da jakarsa a kafaɗa ya yi wa Kawu sallama, ya ce iyalinsa sun matsa ya dawo gida. Ya karɓi ƙamus, don na makaranta ne. Ya ce mu ci gaba da jaridun. Mun gwada kwana biyu, babu mai gaya mana ko mun yi daidai. Taubashiyata ta ce ita dai za ta koma wa haddarta, ko banza abu ne a hannu, wa ya sani ko abokin Kawu ne mai gaskiya. Na bi ta. Muka koma ƙari da tilawa, amma a hankali, ba da muryar da ba. Kaka tana ji, ko an tsallake layi ba ta ɗaga kai.

A Dutsin-Ma aka ba mu wurin jarrabawa. An gargaɗe mu kada mu sa lalle, don na'urar da ke duba yatsa ba ta gane hannu mai lalle. Kaka ta ba mu rubutu muka sha kafin mu fita, ta tofa mana addu'a a ka. Muka shiga bayan a-kori-kura tare da buhunan gero da wata mata mai kaji, Kawu yana gaba. A bakin wurin na ga 'yan mata da suka zo daga birni suna hira da Turanci suna dariya, ba tare da sun tsaya tunani ba. Ɗaya tana cin biskit.

Ɗakin yana da sanyi, da ƙarar janareto daga waje. Kujerata tana da ƙafa ɗaya gajera, na sa gefen takalmina na tokare ta. Da Turanci ya fito a gilashin kwamfutar, abin da na fara yi shi ne duba kalmomin farko na labarin, ko zan ji harshena ya kama. Bai kama ba. Na duba na gaba, shi ma haka. Kalmomin da yawa na san su, na san har shafin da suke a littafinmu da abin da ke gefensu, kamar fuskokin da kake gani kullum a kasuwa ba ka san sunan kowa ba. Sai na koma hanyar Malam. Wa ya yi? Me ya yi? Na gane akwai wani kogi, akwai mutanen wani gari, akwai abin da aka zuba a kogin da bai kamata ba. Na yi jimla huɗu ko biyar haka, ina jin kamar zan iya. Da na dubi agogon da ke kusurwar gilashin sai na ga ya ci abin da ban yi zato ba, ga sauran darussa suna jira. Yarinyar da ke gefena, mai biskit ɗin, ta riga ta wuce Turanci tana lissafi a 'yar takarda. Na fara danna baƙaƙe. Inda na ga kalmar da na sani a cikin amsoshi, ita nake zaɓa. A jerin kalmomi guda biyu sun dawo daga littafinmu, na amsa su kafin in gama karantawa.

A hanyar dawowa taubashiyata ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ta kwantar da kai a kafaɗata, ƙura tana shiga mana ido.

Sakamakon ya shigo ta wayar Kawu. Ya kira mu zaure, ya karanta nata, ya karanta nawa. Nawa ya ɗan fi nata, amma duka biyun ba su kai inda ake ko duba takardar mutum ba. Ya ce Allah bai nufa ba. Ya kife wayar a kan tabarma, ya ce laifinsa ne da ya saurari abokinsa, sannan ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Na so in tambaye shi ko baɗi, amma ya riga ya faɗa tun a Batsari cewa sau ɗaya ne, kuma takardar ritayarsa ta fito. Kaka ta kira ni ɗaki ta ba ni goro, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, “Da Alƙur'ani na sa ku kuka haddace a watannin nan, da ko lada kun samu.”

An sa taubashiyata koyon ɗinki a wajen wata maƙwabciya. Ni kuma ruwan farko yana sauka Baba ya zo da babur ɗin aro. Bai tambaye ni komai ba. Ya gaida Kaka, ya yi wa Kawu godiya mai tsawo, ya ɗaure ledar kayana a baya. Taubashiyata ta rako ni har bakin kasuwa, ta ce in gaida dajin, idan na ga 'yan bindiga in biya musu na masai, za su gudu.

Mun koma ƙauye. Rabin gidajen babu kowa, ciyawa ta fito a cikin ɗakuna. Ana noma gonakin da ke kusa da gari kawai, kuma kafin la'asar kowa ya dawo. Ni ke ɗebo ruwa, ni ke kai abinci gona, ni ke riƙe ƙannena idan Inna tana surfe.

Da wake ya fara fure, Baba ya sayo maganin feshi a kasuwar Wagini, wani iri da bai saba da shi ba. Ya zauna a gindin rumbu da tankin feshinsa, ya kira ni, ya miƙo mini kwalbar. Ya ce 'yar boko, duba mini murfi nawa ake zubawa. Rubutun ƙanana ne, duka da Turanci. Na karanta shi da ƙarfi daga sama har ƙasa, bakina bai sarƙe ba. Ƙannena suka bar wasa suka zo suna kallona. Na gane ruwa. Na gane kada, a wurare uku. Na gane yara, na gane ido. Akwai lambobi a cikin wani ɗan akwati, amma ban san wanne ne na wake ba, wanne na auduga, ban kuma san ko na tanki ɗaya ba ne ko na gona duka. Na sake komawa farko a hankali, ina neman wa ya yi, me ya yi. Baba yana jira, hannunsa a kan murfin tanki.

Na ce, “Baba, sun ce kada a bari yara su taɓa.”

Ya ce to. Ya karɓi kwalbar, ya juya ta ya dubi hoton ƙwaron da ke jiki, ya sa ta a aljihu. Ya ce in bar shi, ran kasuwa zai tambayi mai shagon. Sannan ya ce in je in taya Inna, rana tana yi.